Safar da Merv Pohlner Ya Cire daga Bakin Jirginsa

Duk wanda ya zagaya gonakin Yarrowin ya san aikin Merv Pohlner ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Idan ka je bakin rijiyar burtsatse ko wurin shayar da tumaki ka tarar da injin jan ruwa an ɗaure masa guntun safar mata ta nailan a bakin da yake shaƙar iska, to hannun Merv ne. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaran waɗannan injuna a yankin Mallee, kuma bai taɓa rufe inji ya tafi ba sai ya ƙara masa safa a kan matatar da ya zo da ita daga kamfani. Dalilinsa jan rairayin da iskar arewa take kwasowa. Ya ce ya buɗe injuna fiye da dubu, tara cikin goma ƙura ce ta kashe su. Matan garin sukan tara masa tsofaffin safarsu a leda, su miƙa wa matarsa Glenys bayan an tashi daga coci. Mutane da yawa ba sa kiran sa Merv. Mai Safa suke cewa, shi kuma yana amsawa.

Shekararsa saba'in da ɗaya yanzu. Ya bar makaranta yana da sha biyar, ya so shiga aikin jiragen sama na soja, amma mahaifinsa ya kwanta ciwon baya kuma babu wanda zai riƙe gona. Daga gonar ya koma gyaran inji, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya biyu da suka tafi birni. Sha'awar jirgi ba ta bar shi ba. Sama da shekara talatin ke nan yana cikin ƙungiyar masu tuƙa ƙananan jirage da rimot, mutum goma sha huɗu da suke haɗuwa kowace Asabar a gonar Bev Torpey. Filin tashinsu wani dogon fegi ne na ƙasa, mita ɗari da hamsin, tsakanin gonakin alkama biyu. Bev aji ɗaya suka yi da Merv a firamare, kuma tun lokacin ba ta daina tsokanarsa ba. Mijinta ya rasu, ita take riƙe da gonar.

Duk waɗannan shekaru jirage masu farfela Merv yake tuƙawa. Da gwiwoyinsa suka sa shi ajiye aiki sai ya share rabin rumfar kayansa ya fara haɗa jet. Shekara huɗu ya ɗauka. Tsawon jirgin mita biyu, nauyinsa kilo goma sha uku babu mai, fentinsa ja da fari. A cikinsa akwai injin jet na gaske, bai fi filas ɗin shayi girma ba, yana shan kananzir da aka gauraya da ɗan man inji, yana juyawa fiye da sau dubu ɗari a minti ɗaya. Tankinsa lita uku.

Irin wannan jirgi ba ya tashi a filin ƙungiya sai mai duba ya gwada shi ya sa hannu a takarda. Mai duban da ya fi kusa shi ne Stav Kallinikos, tsohon makanikin jiragen feshin gona, kuma daga Mildura yake zuwa, tafiyar awa biyu. Ban da wannan akwai sharaɗin Bev, wanda ƙungiyar ta rubuta a cikin dokokinta: kowane jet sai ya yi minti shida a sama ya sauko da kashi ɗaya cikin uku na mansa a tanki. Jet da mai ya ƙare masa ba ya shawagi mai nisa, faɗowa yake yi da inji mai zafi, kuma abin da ke hagu da dama alkamarta ce. Daga ɗaya ga Nuwamba kuwa, idan alkama ta bushe lokacin gobarar daji ya shigo, babu jet ɗin da zai sake tashi a nan sai Afrilu.

Afrilu ta yi wa Merv nisa. Tun bara hannunsa na dama ya fara rawa da safe. Likita bai ba abin suna ba tukuna, ya dai ce a sa ido. Merv bai gaya wa 'yan ƙungiya ba, amma sun ga yadda yake riƙe kofin shayi da hannu biyu. Babu wanda zai iya cewa bayan wata shida yatsan nan zai iya riƙe sandar rimot ta jirgin da ke gudun kilomita ɗari biyu a awa. Abin da yake so shi ne sa hannun Stav, a bana, da shi kansa yana tuƙi.

Stav ya zo gwajin farko a tsakiyar Satumba. Ya ɗauki minti arba'in yana dubawa. Ya ja kowane fiffike, ya bi wayoyi da yatsa, ya hura tiyon mai, ya ce aiki ne mai tsabta. Sai ya haska tocila cikin kafofi biyu da ke gefen jirgin, inda iska take shiga ta isa inji. Ya zura yatsa ya taɓa.

"Dattijo, mene ne wannan?"

"Safa ce," in ji Merv. "Ninki biyu."

"Na ga safa ce. Me take yi a nan?"

Bev da ke jingine da a-kori-kurarta ta ce wa Stav kada ya wahalar da kansa, mutumin nan da za a bar shi da har jarirai zai ɗaure wa safa a hanci. Aka yi dariya. Stav bai yi ba. Ya ce ragar ƙarfen da ke bakin injin ta isa ta tare tsakuwa da ciyawa, safar kuwa shaƙe injin take yi, kuma inji irin wannan iska yake ci kafin mai. Merv ya ce wanda ya ƙera ragar bai taɓa ganin rairayin Mallee ba. Stav ya duba ɗaurin, ya ga an ɗinke safar a kan zoben waya yadda ba za ta tsinke ta shige ciki ba, ya ce ba zai hana tashi ba, agogo zai yi magana.

Jirgin ya tashi, amma sai da ya cinye kusan dukan filin. A sama ya yi kyau, ya miƙe sak, sai dai Merv bai iya sassauta masa wuta ba. Da ya ja sandar wuta ta rimot baya kaɗan sai hancin ya fara sunkuyawa. A minti huɗu da daƙiƙa arba'in rimot ta yi ƙarar gargaɗi, saura lita ɗaya. Merv ya sauko lafiya. Stav ya mayar da biro aljihu. Ya ce zai iya dawowa sau ɗaya, Asabar ta ƙarshe a Oktoba, kuma yana fata ya tarar da safar a inda aka yi ta domin ta zauna.

Merv ya koma gida da niyyar samo minti ɗaya da daƙiƙa ashirin ɗin nan daga ko'ina ban da safar. Makonnin da suka biyo baya su ne abin da 'yan ƙungiyar suke ba da labari har yanzu, domin babu lungun da bai shiga ba. Ya ɗora jirgin a kan sanduna biyu a daidai inda zanen ƙirar jirgin ya ce nauyin gaba da na baya su daidaita, da tanki babu mai, ƙafafu a waje, kamar yadda zai kasance lokacin sauka. Da can ya sa darma giram ɗari uku a hanci don ya samu wannan daidaito. Ya cire darmar, ya matsar da batura biyu gaba har suka yi aikinta. Duk abin da ya cire sai ya ɗora shi a sikelin da Glenys take auna fulawar kek, har ta gaji ta sayi wani. Ya gano murafen ƙafafu ba sa rufewa ruf, akwai ɗan tsagi da iska take kamawa, ya kwana uku yana gogewa da gyara maƙalansu. Ya sa ma'auni a bayan fikafikai ya tarar na hagu ya sauka da milimita ɗaya, wanda ke nufin duk tsawon tashin farko jirgin yana jayayya da kansa. Ya daidaita bututun hayaƙi da bakin inji har tazarar ta zama yatsu biyu ta kowane gefe. Ya rage tsawon tiyon mai, ya miƙar da inda ya lanƙwashe. A rimot kuma ya sake tsara sandar wuta yadda tsakiyarta zai ba da rabin ƙarfi a hankali, ba da fizga ba.

Ya kira Stav ya karanta masa duk wannan a waya. Stav ya saurara har ƙarshe, ya ce kowanne daidai ne, kuma idan aka haɗa su za su ba shi rabin minti, wataƙila da ɗan ƙari. Ya tambaya ko safar tana nan. Merv ya ce layin ba ya da kyau.

Tunda ba shi da izinin tashi shi kaɗai, a ƙasa yake gwaji. Yakan ɗaure jirgin da igiya a jikin turken ƙarfe a kan simintin gaban rumfa, ya sa sikelin rataye na auna 'yan tumaki tsakanin igiyar da turken, ya buɗe wuta ya karanta yawan jan. Glenys takan tsaya gefe da tukunyar kashe gobara da auduga a kunne. Takardar injin ta ce kilo goma sha biyu. Sikelin Merv kullum goma yake nunawa, kuma ya riga ya yanke cewa masu sayarwa ne suka yi ƙari, kamar yadda suke yi a takardun injin ruwa.

Saura kwana tara Stav ya dawo, bayan wani gwajin da ya sake ba da goma, Glenys ta cire audugar ta ce tana da magana. Ta ce shekara arba'in da ɗaya tana jin sa yana gaya wa manoma cewa shi ba ya gardama da ma'auni, to ga ma'auni, ga siminti, ga tiyon ruwa. Ya wanke wurin ƙal, ya cire safar sau ɗaya ya gani. Idan goma ce, ba za ta sake buɗe baki ba.

"Glen, minti ɗaya na ƙura ya isa ya cinye min injin."

"Wace ƙura, a kan simintin da ka wanke? Tsoron sikelin kake ji, ba ƙurar ba."

Merv ya miƙe. Ya ɗauki tiyo ya wanke simintin, ya jiƙa ƙasar da ke kewaye, ya sa almakashi ya kwance ɗinkin. Sikelin ya nuna kusan goma sha biyu. Zafin hayaƙin da rimot take nunawa ya sauka da digiri sittin. Ya mayar da safar, goma. Ya cire, sha biyu. Sau uku ya yi haka. Glenys ta ce daga nan ya kashe injin, ya zauna a kan bokiti, kuma abincin rana ya huce a tebur bai shigo ba.

Abin da ya dame shi ba wai Stav ya yi gaskiya ba ne kawai. Shi ma yana da tasa gaskiyar. Filin Bev ƙasa ce busasshiya, tumaki suna kiwo a kansa duk mako, kuma ya ga jan hazon da jirgin ya tayar a Satumba. Da safa ba zai kai minti shida ba. Babu safa kuma yana ganin kamar ya buɗe bakin injin ne ya zuba masa yashi da cokali.

Da la'asar ya shigo kicin da safar a hannu. Glenys ta ce ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi, sannan ya ce:

"Injin ruwa a ƙasa yake zaune, shekara ashirin, dare da rana. Wannan daƙiƙa nawa yake yi a ƙasa? Arba'in. In ya tashi ya bar ƙurar. Ni na ɗauke shi famfo."

Ya ce ke nan ba jirgin ne yake bukatar kariya ba, filin ne yake bukatar ruwa.

Samun ruwan bai zo da sauƙi ba. Bev tana da tanki lita dubu a bayan a-kori-kura, da famfon da Merv ɗin ne ya gyara shi, amma ta ce ruwan ciki na kashe gobara ne, kuma a ƙarshen Oktoba ko uwarta ce ta dawo duniya ba za ta ba ta shi don wasan yara ba. Ta yarda ta ara masa tsohon tankin feshi da ke kan tirela, ya nemo abin zubawa. Ruwan burtsatse yana da gishiri, Merv ya ce gara ƙura da shi a cikin inji. Abin da ya rage shi ne tankin ruwan sama na bayan gidansu, wanda Glenys take shayi da shi, take kuma raya furanninta na wardi guda goma sha ɗaya a garin da ruwan sama bai cika zuwa ba. Merv bai roƙa ba. Ita ce ta fita da safe ta ƙwanƙwasa jikin tankin ta ji inda ruwan ya tsaya, ta ce ya ɗebi lita dubu ɗaya, wardin za su sha ruwan wanke-wanke.

Asabar ɗin ta zo da zafi, digiri talatin da ɗaya tun ƙarfe goma, iska kaɗan daga arewa. Alkama ta fara yin ruwan zinariya a gefe biyu. 'Yan ƙungiya tara suka zo, kuma Merv ya raba musu tsintsiya da manjagara suka share kashin tumaki da tsakuwa daga wannan kai zuwa wancan, suna mita. Wani ya ce shekara talatin suna tashi a kan kashin nan ba wanda ya mutu. Aka ɗora soseji da albasa a wuta. Stav ya iso, ya sha shayi, ya ɗauki tocilarsa ya haska kafofin iska. Ya ɗago ya kalli Merv, ya ci gaba da dubawa.

Merv ya riga ya gwada a bayan gidansa ya san cewa a irin wannan rana jiƙaƙƙiyar ƙasa minti ashirin take yi ta koma gari. Don haka sai da aka cika tankin jirgin, aka gwada rimot, aka ajiye jirgin a kan wani tsohon kafet a bakin fili, sannan ya ɗaga wa Bev hannu. Ta ja tirelar a hankali ta bi tsakiyar filin, ruwa yana fita ta bututun da Merv ya huhhuda, ya bar baƙin layi mai faɗin mita huɗu. Da ta dawo ta leƙo ta taga.

"Mai Safa, ga shayin matarka na wata guda a ƙasa. In ka faɗo min a alkama bayan wannan, ita za ta kashe ka, ba ni ba."

"Matsar da tarkacenki daga hanya, tsohuwa."

Injin ya kama, ya fara da gurnani ya koma shewa. Hannun Merv yana ɗan rawa. Ya dafa gwiwar hannun a cikinsa kamar yadda ya koya wa kansa a 'yan watannin nan. Stav ya tsaya a kafaɗarsa da agogo. Jirgin ya bi baƙin layin, babu hazo ko kaɗan a bayansa, kuma bai kai rabin fili ba ya ɗaga. Merv ya naɗe ƙafafu, ya bar shi ya hau, sannan ya ja sandar wuta zuwa tsakiya. Hancin bai sunkuya ba.

Ba tashi ne na burgewa ba, kuma wasu daga cikin matasan ƙungiyar sun faɗi haka daga baya. Bai yi juyi ba, bai yi tsalle ba. Zagaye yake yi mai faɗi, yana karkata a hankali don kada ya zubar da gudu a kwana, yana riƙe da tsayi ɗaya. Stav ya nemi ya nuna masa abubuwa uku da takarda ta tanada, ya nuna, ya koma zagayensa. Stav yana faɗin mintuna. A huɗu da arba'in kowa ya kasa kunne ga rimot, ba ta yi ƙara ba. A biyar da rabi Merv ya fito da ƙafafu, ya jinkirta sauke fikafikan birki har sai da ya miƙe da fili, domin su ma suna cin mai. Tayoyi suka taɓa ƙasa a minti shida da daƙiƙa goma. Layin ya fara yin fari a gefe amma tsakiyarsa yana da danshi. Jirgin yana tsayawa ya kashe injin a inda yake, bai tuƙo shi ba, ya taka da ƙafa ya je ya ɗauko shi tare da mutum biyu.

Stav ba ya yarda da abin da rimot ta ce. Ya sa ƙaramin famfon hannu ya zuƙe ragowar man zuwa cikin jug mai layi, ya ajiye a kan murfin mota don ya zauna daidai, ya durƙusa ya duba. Lita ɗaya da mililita ɗari da hamsin. Ya ciro biro ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata, ya miƙa wa Merv. Ya ce ya duba jet sun fi sittin, kuma bai taɓa ganin wanda aka daidaita shi haka ba, safar ce kawai take ɓoye aikin. Merv ya ninke takardar ya ba Glenys ta sa a jaka, ya ce hannunsa yana da maiƙo.

Ya sake tashi sau ɗaya a ranar da ragowar ruwan, kafin ƙarfe ɗaya, shi kaɗai ba mai tsayawa a kafaɗarsa. Ranar Litinin Bev ta sa kwaɗo a ƙofar filin kamar kowace shekara. Ƙungiyar ta ƙara layi ɗaya a dokokinta, cewa a jiƙa fili kafin tashin jet, kuma an fara maganar kafa tankin ruwan sama a jikin rumfarsu. Wardi biyu daga cikin na Glenys ba su kai Kirsimeti ba. Hannun Merv yana nan yadda yake, bai ƙaru ba, bai ragu ba, kuma ya ce Afrilu za ta faɗi nata.

Har yanzu idan maƙwabci ya kawo masa famfo yakan duba, kuma ba ya mayar da shi babu safa. A ranar gwajin ma, da aka gama cin soseji aka zo loda jirgin a bayan mota don tafiyar kilomita goma sha biyu ta hanyar ƙasa, ya zaro safar nan daga aljihun wando ya toshe kafofin iska biyu, ya ɗaure da roba. Bev ta gani ta buɗe baki za ta yi magana. Ya riga ta.

"Yanzu a ƙasa yake," in ji shi, ya rufe bayan motar.